Yadda ake haɗa sautin fim da ƙwarya, kukuma da kwanon silba, mataki-mataki

Editoci da masu shirya wasan kwaikwayon rediyo sun sha turo tambaya iri ɗaya: ta yaya mutum zai samu sautin tsoro, na tsawa ko na bugun zuciya wanda ba a taɓa ji a fim ɗin wani ba? Abin da ya jawo tambayar a bayyane yake. Kusan kowa daga rumbu ɗaya yake saukewa a intanet, har mai kallo ya haddace ƙarar da ke zuwa kafin aljani ya fito, wani lokaci ma YouTube ta aiko cewa sautin yana da mai shi. Mafita ita ce ka ɗauki naka da kayan kiɗa na gaske da tarkacen gida.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga nan, domin duk matakan a kansa suka ginu. Bahaushe ya san muryar kayan kiɗansa. Da ya ji algaita, fada ta faɗo masa a rai. Garaya da caki su kai shi wajen 'yan bori, kalangu ya kai shi gidan biki ko rumfar mahauta. Idan mai kallo ya gane abin da ake kaɗawa, ya bar fim ɗin ya koma tunanin makaɗi. Aikinka shi ne ka ɓatar da kamannin kayan kiɗan, ka bar abin da yake sa wa zuciya.

Mataki na 1: Rubuta wuraren da ke bukatar sauti

Kada ka taɓa makirufo sai an gama yanka hoto. Ka nemi edita ya ba ka kwafi mai ƙidayar lokaci a jiki, ka tambaye shi ko hoto 25 ne a daƙiƙa ko 24, ka saita naka aikin daidai da nasa. Ka kalli fim ɗin da biro da takarda, kowane wuri ka rubuta abu uku: inda sautin zai fara, inda zai ƙare, da abin da ake so mai kallo ya ji a ransa. Misali: 12:40 zuwa 12:58, amarya ita kaɗai a ɗaki, fargaba mai ƙaruwa, ta yanke daidai buɗe ƙofa.

Gargaɗi: idan edita ya ƙara ko ya rage ko da daƙiƙa biyu bayan ka fara, duk abin da ke bayan wurin ya goce. Ku yi magana a kan wannan tun farko.

Mataki na 2: Kayan ɗauka da inda kuɗi ke tafiya

Ƙaramar rikoda irin Zoom H1n ko Tascam DR-05X ta isa fara aiki, kowace kuɗinta a kusa da dala 100 yake. Wanda yake da sutudiyo, akwatin sauti irin Focusrite Scarlett da makirufo Shure SM57, shi ma wajen dala 100, sun wadatar. Sai abin sawa a kunne mai rufe kunne ruf, don kada abin da kake ji ya koma cikin makirufo. Manhajar Audacity kyauta ce amma ba ta nuna bidiyo. Reaper tana nunawa, ana gwada ta kwana 60, lasisinta na ƙananan masu sana'a dala 60 ne. Mai FL Studio ko Cubase ya ci gaba da abinsa.

Ƙaramin abu mai babban amfani shi ne faifan fiyezo, wani siririn faifan tagulla mai faɗin milimita 27 ko 35 da ake samu wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo a Sabon Gari. Mai gyara ya haɗa masa waya da filogi, sai ka manna shi jikin ƙwarya ko ƙarfe. Girgizar jikin abu yake ɗauka, bai damu da ƙarar janareton maƙwabci ba. Ka sa shi a ramin akwatin sauti ka danna maɓallin da aka rubuta INST, in ba haka ba sautin zai fito siriri babu kauri, kuma kada ka kunna masa wutar 48V da akwatin ke ba wasu makirufo. Ka ce wa mai gyaran kada ya daɗe da dalma a kansa, zafi yana kashe shi.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen makirufo mai tsada a kai shi ɗaki mai amsa-kuwwa. Makirufo mai kyau zai ɗauko munin ɗakin ne da kyau.

Mataki na 3: Gyara ɗaki da zaɓen lokaci

Tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya. In ka ji tafin ya yi wutsiya, jingina katifu biyu a bangwaye masu fuskantar juna, shimfiɗa darduma ko bargo a ƙasa, rataya wani bargon a taga. Sake tafawa har sai tafin ya mutu nan take.

A gari irin Kano ko Kaduna, lokacin da ya fi shiru shi ne daga sha ɗayan dare zuwa kiran sallar farko. Kashe fanka da firiji, kowa ya sa wayarsa a yanayin jirgi. Cire cajar kwamfuta ka yi aiki da batir: wutar lantarkinmu 50 Hz take (wato tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa), kuma gurnaninta yana bin waya ya shiga sauti, ba ka gane shi sai ka zo ƙara ƙarfi. Zafi zai dame ku, don haka ku riƙa aiki minti goma-goma kuna shan iska. Kafin komai, ɗauki shirun ɗakin na daƙiƙa 30, zai yi amfani wajen cire shuuu daga baya.

Mataki na 4: Saita rikoda

Zaɓi nau'in fayil ɗin sauti na WAV, 24-bit. Ma'aunin fim 48 kHz ne (wato rikoda tana ɗibar sauti sau 48,000 a daƙiƙa), amma duk abin da kake da niyyar rage wa gudu, ɗauke shi a 96 kHz. Dalili: idan ka rage gudu zuwa rabi, kowane amo yana sauka zuwa rabinsa. Abin da aka ɗauka a 48 ba zai wuce 12 kHz ba bayan ragewa, sai ya dushe kamar daga cikin buhu yake fitowa. Na 96 yana da sauran sama da zai sauko ya cike gurbin.

Sa makaɗi ya yi bugun da ya fi ƙarfi, ka juya maɓallin ƙarfi har allura ta tsaya wajen -12 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne). Kashe duk wani saiti da ke daidaita ƙarfi da kansa, domin shi ne ke ɗaga hayaniyar ɗaki duk lokacin da sauti ya fara mutuwa. Kafin kowane ɗauka, faɗi da baki abin da za a yi da lambarsa. Bayan an gama, kowa ya daskare har sautin ya ƙare gaba ɗaya, sannan a ƙirga biyar. Wutsiyar sauti ta fi kansa daraja, kuma ita ce mutane ke ɓatawa da "Yauwa, ya yi!"

Mataki na 5: Fitar da sautukan

Nan ne ainihin aikin, a nan kuma za a daɗe.

Kwanon silba da ruwa. Kukan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake ji a finafinan tsoro na Amurka, galibi daga wani kayan kiɗa yake da ake kira Waterphone, wanda Richard Waters ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1960: tulun ƙarfe marar tsatsa ne da sandunan tagulla a gefe, da ɗan ruwa a ciki. Ana iya kusantarsa da kwanon silba marar kauri mai faɗin santimita 25 zuwa 30. Zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ɗora gindin kwanon a kan yatsu uku, kada tafin hannu ya rungume shi don zai kashe amon. Goga izgar kukuma a bakin kwanon, a tsaye, a hankali. Da zarar ya fara kuka, karkata kwanon ruwan ya zagaya, muryar za ta riƙa hawa da sauka. In izgar tana zamewa babu sauti, ƙaro ne bai isa ba, a shafa mata irin wanda masu goge ke shafawa. In ruwa ya taɓa gashin, sai ya bushe kafin ya sake kamawa, saboda haka a tanadi izga biyu. Wanda yake son ya matsa gaba, ya kai kwanon wajen mai waldar gas a kafa masa sanduna takwas zuwa goma sha biyu a gefe, tsawonsu daga santimita 10 zuwa 30, kowace da nata tsawon. Makirufo ya tsaya kamar taku ɗaya daga kwanon, domin in ya matso, ƙarar gashin izga ce za ta rinjaya.

Kukuma da goge. Roƙi makaɗin ya yi abin da maigidansa ya hana shi tun yana yaro. Ya goga daf da jaki, da sauƙin hannu, sai a samu wani shewa mai kaifi kamar gilashi. Ya danna izga da ƙarfi ya ja ta a hankali ƙwarai, sai a samu kukan tsohuwar ƙofa ko na reshe. Don fargaba mai hawa, ya riƙa zame yatsa sama a kan tsirkiya cikin daƙiƙa goma sha biyar ba tare da tsayawa a kowace murya ba. A ɗauki wannan sau biyar ko shida, kowane ya fara daga wuri dabam, a jera su a kan juna. Rashin jituwarsu shi ake nema.

Gargaɗi: hannun ƙwararre yana komawa waƙa da kansa. Da ya yi muryoyi uku a jere masu daɗi, tsayar da shi. Ka bayyana masa tun farko cewa ba ƙwarewarsa ake raina wa ba, in ba haka ba ransa zai ɓaci, kuma da gaskiyarsa.

Kalangu. Ajiye sandar kiɗan gefe. Matsa tsirkiyoyin a hammata a hankali ka saki, makirufo kusa da su: ƙarar igiya ce da ake ja, ko sirdin doki, ko kwalekwale. Soka ƙaramar ƙwallon roba mai tsalle a kan tsinke ko waya mai ɗan lanƙwasa, ja ta a kan fatar tana ɗan tirjewa, sai gangar ta yi nishi kamar babbar dabba, kana matsawa nishin yana canza murya. Fatar ta zama babu maiƙo. Abin kula shi ne kalangu magana yake yi. Bugu uku masu hawa da sauka sun isa kunnen Bahaushe ya fara neman take a ciki, kuma in an sa su ƙarƙashin zance, suna rigima da karin maganar ɗan wasa.

Ƙwarya a ruwa. Cika babban baho da ruwa zuwa rabi, kifa babbar ƙwarya a kai, daki bayanta da gefen dunƙulen hannu ko sanda da aka naɗe da tsumma. Wannan ne bugun zuciya mafi kyau da za ka samu a arha: bugu biyu, na farko ya ɗan fi nauyi, sannan ɗan hutu. Mutum a natse 60 zuwa 70 a minti, mai firgita 110 zuwa 130. Yawan iskar da ke ƙarƙashin ƙwaryar shi ke canza muryarta, sai ka ɗaga gefe ka ƙara ko ka rage har ka samu wadda kake so. Bahon roba ya fi na ƙarfe, na ƙarfe yana ƙara nasa amon. Shimfiɗa tawul a ƙarƙashinsa, rufe makirufo da siririn kyalle saboda fantsama, kuma kada wayar wuta ta bi ta kusa da ruwan.

Shantu. Buga bakinsa a cinya ko a kan matashi, ka toshe ɗaya bakin da tafi kana buɗewa kaɗan-kaɗan. In an rage masa gudu zuwa rabi, takun wani ƙaton abu ne a cikin duhu.

Tsawa. Kwanon rufi mai tudu da kwari ba ya yi, ya yi tauri. Nemi shafaffen fallen ƙarfe marar kauri, kamar mita ɗaya a mita biyu, a Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko wajen masu ƙera akwati. Huda kusurwa biyu, rataye shi da igiya kada ya taɓa ƙasa ko bango, kama ƙasansa ka girgiza: fizga ɗaya mai ƙarfi, sannan kaɗawa a hankali tana mutuwa. Makirufo ya ja baya mita biyu, fiyezo kuma a jikin ƙarfen, a haɗa su daga baya. Gefen fallen nan yana yanka kamar aska. Naɗe shi da salatif mai kauri, sa safar hannu.

Iska da ruwan sama ba su da wahala. Hura sarewa a karkace yadda iska za ta fito ba tare da murya ta kama ba, makirufo a gefe, kada hucin ya doke shi. Zuba gero sannu-sannu a kan faifai don yayyafi, a kan tiren ƙarfe don ruwa bisa kwano. Juya caki a hankali, kada a kaɗa shi, sai ya ba da jan cikin maciji a busasshen ganye.

Kakaki kuwa, a bar shi inda yake. Kayan sarauta ne, ba a aronsa don a yi kukan dodo, kuma ko an samu, kowa zai gane shi. Bututun roba na famfo mai tsawon mita ɗaya da rabi, a busa shi da leɓe kamar ƙaho, zai ba da gurnanin da ake nema ba tare da an taɓa martabar kowa ba.

Yanayi yana taɓa duk abin da ke da fata. Da hunturu fata tana ɗaurewa murya ta hau, da damina ta saki ta yi lis. In aiki zai kai kwana biyu, gama duk na kayan kiɗa ɗaya a zama ɗaya.

Mataki na 6: Sake ɗauka ana kallon hoto

Abin da ka tara a sama rumbu ne. Wuraren da sauti zai bi motsin ɗan wasa, kamar juyowar kai ko miƙa hannu zuwa ƙofa, sai an yi su ana kallo. Sa fitowar ta riƙa maimaita kanta a allo, makaɗi ya kalla sau biyu bai taɓa komai ba, sannan a ɗauka sau huɗu ko biyar a jere. Maganar 'yan wasa ta tafi kunnensa kawai, kada ta fito ta sifika.

Mataki na 7: Ɓatar da kamanni a kwamfuta

Bi wannan jerin yadda yake, domin in ka sa amsa-kuwwa kafin tsaftacewa, dattin ma zai yi amsa-kuwwa.

Fara da tsaftacewa. Yanke abin da ke ƙasa da 80 Hz a sautuka masu kaifi, amma ka bar wa tsawa da ƙwarya nasu. In gurnanin wuta ya shiga, rage 50, 100 da 150 Hz da siririn yanka. Cire shuuu da sauƙi, in ka matsa sautin zai koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa.

Sai yanke kan sautin. Kunne yana gane kayan kiɗa ne galibi daga farkon bugunsa. Cire kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin biyar na daƙiƙar farko, ka sa sautin ya shigo a hankali, sai kukuma ta daina zama kukuma. A cikin dabarun nan babu wadda ta kai wannan sauƙi da tasiri.

Sai rage gudu. Rabin gudu yana saukar da murya zango guda cur, ya ninka tsawo. Rubu'in gudu yana mai da ƙaramin kwano ƙaton ƙarfe. A Audacity akwai Paulstretch, mai miƙa daƙiƙa biyar ta zama minti guda na shimfiɗaɗɗen amo, ya dace da dogayen fitowa na zullumi.

Sai juyawa baya. Daki kwanon silba sau ɗaya, bari ya mutu, juya sautin: yanzu yana tasowa daga shiru ya yanke farat ɗaya. Ɗora ƙarshen nan daidai inda hoto ya sauya.

Amsa-kuwwa ita ce ta ƙarshe, kuma ta dace da wurin da ke hoto. Ɗakin laka mai labule ba ya amo kamar kogo.

Wajen jerawa, uku sun isa: mai kauri a ƙasa, mai jiki a tsakiya, mai kaifi a sama. In an wuce haka, sai su cinye juna su zama hayaniya.

Mataki na 8: Ɗorawa da haɗawa da magana

A hoto 25, kowane hoto ɗaya daƙiƙa 0.04 ne. Sautin bugu ko firgitarwa kada ya goce fiye da hoto ɗaya, kuma in dole ne ya goce, gara ya makara da ya riga, don kunne ya fi saurin kama wanda ya riga hoto. Kafin babbar firgitarwa, janye komai na kamar rabin daƙiƙa. Shirun nan shi ke ba ƙarar da ke biye nauyi, ba sai ka ƙure maɓalli ba.

Magana ce gaba da komai. Sautin da ke ƙarƙashinta ya zauna 15 zuwa 20 dB ƙasa da ita, ka kuma rage masa 3 ko 4 dB tsakanin 1 da 4 kHz, inda baƙaƙen magana suke. Kwanon silba da kukuma a daidai wannan wurin suke da ƙarfi, su za ka fi sa wa ido.

Gargaɗi: mafi yawan masu kallo a waya suke kallo, kuma sifikar waya ba ta fitar da abin kirki ƙasa da 200 Hz. Bugun zuciyar da ya girgiza sutudiyo yana iya ɓacewa ɗungurungum. Maganinsa, ɗora masa siririn bugu na biyu, kamar yatsa a kan kwali, ko ka ɗan ƙona sautin kaɗan a manhaja (abin da ake kira distortion) don ya haifi amo a sama. Tura fitowar zuwa waya mai arha ka saurara, sannan ka saurara da sifika ɗaya tak, don wasu sautukan da aka baza hagu da dama suna kashe juna idan sun haɗu. YouTube tana sauke duk abin da ya wuce kimanin -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sautin bidiyo gaba ɗaya), saboda haka ƙure ƙarfi ba ya ƙara komai. Kololuwa kada ta wuce -1 dB. In gidan talabijin za a kai, tambaye su ma'auninsu kafin ka fitar.

Mataki na 9: Miƙa aiki, ajiya da haƙƙin makaɗi

Fitar da WAV 48 kHz, 24-bit, sautukan nan a fayil nasu dabam da magana da waƙa, duka su fara daidai a lokaci guda. In ta WhatsApp za a tura, a tura a matsayin takarda, in ba haka ba manhajar za ta matse shi. Sa wa kowane fayil suna mai ma'ana, kamar kwano_izga_hawa_03, ka ajiye ɗanyen a wuri biyu, domin fim na gaba zai ci daga wannan rumbun.

Makaɗin da ka kira, ku yi ciniki kafin ya kwance jakarsa: kuɗin zama ne ko na sauti, fim ɗaya ne ko duk wanda za ka yi nan gaba, kuma ko kana da izinin sayar wa wasu editoci. A rubuta a takarda, kowa ya sa hannu gaban shaida, a sa sunansa a ƙarshen fim yadda shi yake so a rubuta shi. In tsirkiya ta tsinke ko fata ta fashe saboda irin wasan da ka sa shi, gyaran a kanka yake, ka sa wannan ma a cikin takardar.